Awa Ɗaya da Na Tsinta a Hanya

Daren farko a Aboabo.
Na kwanta, tabarma ta ƙi daina tafiya.
Ƙashin bayana yana ta ƙirga ramukan titi,
kwanon rufi na hira da ruwan sama
cikin harshen da ban iya ba tukuna.

Kwana huɗu daga Jega:
ni, da Marwiyya, da yaro a cinya,
da akwatin agogo goma sha bakwai
waɗanda masu su ba su dawo karɓa ba.
Kowanne na naɗe shi da tsumman zani
kamar mai kai ƙwai kasuwar nesa.

A Kamba aka ce, ina zuwa?
Na ce Kumasi. Yin me?
Na ce gyaran agogo.
Mutumin ya yi dariya har hatimi ya karkace a takarda.

A gadar Gaya kogi na wucewa abinsa, ba mai neman fasfo gare shi,
mu kuwa azahar ta iske mu a layi, la'asar ta bar mu a layi.
Wani jandarma ya buɗe akwatin,
ya kara kunne, ya ji zukata na bugawa,
ya zaɓi mai ruwan zinariya, ya ɗaura, ya ce mu wuce.
Ban gaya masa ba
kullum sai ya ci minti goma.

Naira ta zama sefa, ta rame.
Kuɗin rumfar da na gada, da suka cika leda,
aljihun gaba ya ishe su.

Bayan Jugu taya ta fashe da tsakar dare.
Ɗan'auta direba ya zagi ƙusa, ya zagi mai ƙusa,
sannan ya shimfiɗa kwali ya yi barci.
Wata mai soya doya ta miƙo wa yaro ruwan ɗumi.
Ba kalma ɗaya tsakaninmu,
sai hannu biyu da na sa na karɓa.

A bakin Togo yaron mota ya waiwayo:
"Mai agogo, mai da hannu baya,
nan ƙarfe tara ne, ba goma ba."
Shekara ashirin ina ɗinkin lokacin mutane,
ba wanda ya taɓa ba ni kyautar ko daƙiƙa,
yau ga awa sukutum a gefen shingen kwastan.
Na rasa inda zan sa ta.
Na so in aika wa Inna,
ta ƙara a kan sallamar da muka yi a tsaitsaye,
mota na kuka, ita tana cusa min ƙullin daddawa,
maganar da ta ɗauko ta koma da ita ciki.

Tatale: katin allura, wani hatimin, sefa ta zama sidi.
Yendi, Tamale, Kintampo,
itatuwa suna ƙara tsawo, mu muna ƙara shiru.

Da muka sauke kaya, Mma Adiza mai gida ta ce,
"Matarka ya gaji, shi zauna."
Marwiyya ta dube ni, ta toshe baki da mayafi,
dariyarta ta farko tun Jega.
Ashe Hausa ta riga mu zuwa,
ita ma ta zubar da wasu kayanta a hanya,
kuma ga ta nan, da ƙibarta, tana sayar da koko a bakin lungu.

Ɗazu na saita goma sha biyar da agogon masallacin unguwa.
Ɗaya na bari yadda yake,
ƙaramin nan mai tsagaggen gilashi.
Idan ya ce asuba, Inna ta tashi tana laluben buta,
ni ina nan cikin duhu da ragowar awata,
ina juya ta kamar kuɗin ƙasar da ban san canjinsa ba.

Gobe zan je Kejetiya neman inda zan kafa tebur.
An ce a nan ma mutane suna makara.